Ku Nawa Ne a Tsibirin?

Tun da Tafkin Chadi ya cika ya koma teku, doka ta hana kowa hawa ruwa sai da abokin hira a wuya, wata 'yar na'ura mai magana, kamar laya. Nomau masunci ya raɗa wa tasa suna Sambo.

Da iska ta farfasa kwalekwalensa, ruwa ya jefa shi wani tsibiri da ba kowa sai ciyawa da tsuntsaye. A nan damina ta ƙare a kansa. Sambo ne ke nuna masa alƙibla, ya faɗa masa ruwan da zai sha, ya saurari labarin 'ya'yansa ba gajiya. Duk sanda Nomau ya gasa tarwaɗa sai ya ce, "Bismillah, Sambo."

"Na ƙoshi, Baba," in ji na'urar.

Wata safiya jirgin ceto ya tsaya nesa da gaɓa, ba mutum a cikinsa. Murya ta fito daga lasifika: "Ku nawa ne a nan?"

"Mu biyu ne," in ji Nomau.

"Waɗanda suke su kaɗai ake fara kwashewa. Ku yi haƙuri, layi zai zo kanku."

Jirgin ya juya. Nomau ya bi shi da kallo har ya ɓace.

"Baba, ai ni ba a ƙirga ni," in ji Sambo. "Da ka ce kai kaɗai ne."

Nomau ya juya kifin da ke kan wuta.

"In ce ni kaɗai ne, a gabanka?"