Birkin Hannu da Dutsen Ƙofar Gida

Malam Jibo, na ga ka sauko daga mota kana waige-waigen dutse, har kana ce mini gyaran birkin sai ka samu sarari. To, zauna ka ji. Akwai wani direba da na sani, mai a-kori-kura, albasa yake ɗauka daga ƙauye zuwa kasuwa. Birkin hannunsa ya saki. In ya ja, sandar ta tashi har sama tana ƙara kamar abin kirki, amma ba ta riƙe komai. Bakanike ya gaya masa waya ce ta yi sako-sako, noti kawai za a ɗaure a gindin sandar. Shi kuwa gogan naka kullum sauri, kullum gobe. Sai ya koma dabarar da duk muka iya: ya bar ta a giya, ya sauko ya tokare taya da dutse. Wata ya bi wata, hannu ya saba, har ya manta cewa ciwo ne. In ka tambaye shi lafiyar motar sai ya rantse maka ras take, kuma wallahi ba ƙarya yake nufi ba.

Ran nan da kaka, amininsa tun na ƙuruciya, wani manomi, ya zo aron motar zai kwaso masara daga gonarsa ta bakin rafi. Direba ya miƙa mukulli, ya nuna masa ƙofar da ba ta buɗewa ta ciki, ya gaya masa yadda take shan mai, amma zancen birki ko kusa bai faɗo masa a rai ba. Sai da motar ta sha kwana ya ga dutsen a ƙofar gida. Ya zaro waya zai kira, wani ya yi masa sallama, aka shiga gaishe-gaishe, shi ke nan magana ta bi ruwa. Can a gona manomi ya tsaya a gangare, ya cire giya, ya ja birki yadda aka koya wa kowa, ya ji ƙararsa, hankalinsa ya kwanta. Ya zagaya baya yana loda buhuna. Da ba kaya a kanta ta tsaya cik. A buhu na tara ta sulalo shiru, babu ƙarar inji balle ya kauce, ta haɗa shi da kututturen ɗorawa. Ya rayu, amma ƙafar dama a asibiti aka baro ta. Mutum mai 'ya'ya bakwai, abincinsa a bakin garma!

Abin da ya fi ci wa direban rai shi ne aminin bai taɓa zarginsa ba. Direba ya je dubiya, shi kuma daga kan gado ya riga shi magana: "Haba ɗan'uwa, ƙaddara ce. Kai dai ka yafe mini, na lalata maka mota." Kai, da ma zaginsa ya yi! Bayan kwana biyu direba ya kai motar gareji, ya tsaya yana kallo bakanike ya sa sifana ya murza notin, ko minti goma ba a yi ba ya ce an gama. Ƙato da gemunsa, nan ya durƙusa cikin baƙin mai yana kuka. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, duk damina shi ke nome gonar aminin kafin tasa, kuma har yanzu in ya hango shi yana dogara sanda ba ya iya haɗa ido da shi. Gaskiyar masu iya magana ce: da-na-sani ƙeya ce, a baya take.