Ƙafar Teburin Kawu

Teburin falon Kawu ya daina rawa. Abin da 'yar ƙanwarsa ta fara lura da shi ke nan kafin Mama ta tura ta gaba. "Durƙusa mana ki yi godiya, sai ka ce ba ki da baki."

Banki ne ya ɗauke ta aiki a sashen zuba jari, bayan jarrabawa uku da intabiyu biyu. Amma a gida an riga an yanke hukunci: ƙoƙarin Kawu ne, tunda shi aka kai wa takardunta bara.

Kawu ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a kan teburin. "Waya ɗaya na buga wa manajansu, ɗaya tak. Yaran yanzu gani suke digiri ne ke ba da aiki."

"Allah ya ƙara girma, Yaya," in ji Mama. "Wannan da ko gaisuwa sai an matsa mata, wa zai ɗauke ta?"

Ta durƙusa. Daga nan ƙasa ta hango abin da aka tokare gajeriyar ƙafar teburin da shi: ambulan ne an ninke shi huɗu, ko buɗewa ba a yi ba, da rubutun hannunta a jiki. Ashe takardun sun riga ta samun aiki.

"Muna jin ki," in ji Kawu.

Ta sa yatsu biyu ta zare ambulan ɗin, ta karkaɗe ƙurar, ta miƙe. Tana saka takalmi a bakin ƙofa ta ji kofin shayin ya kife.