Makauniyar Kyanwa da Layin Randuna

Dakata tukuna, ɗana, kafin ka kira magina. Na ji ka ce tunda idanun mahaifinka sun tafi, za ka gyara masa tsakar gida, ka tuge tsohon turken nan, ka fasa dakalin da ya yi tuntuɓe da shi shekaranjiya. Niyyarka mai kyau ce, ban musa ba. Amma zauna in ba ka wani misali.

An yi wata maginiyar tukwane, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, ta rage ita kaɗai a gida. Wata safiya ta je ɗibar yumɓu a bakin kududdufi, sai ta ji wani siririn kuka a cikin ciyawa. Ko da ta duba, 'yar kyanwa ce da ba ta cika tafin hannu ba, uwar ta yar da ita, idanun sun manne da kwantsa. Ta ɗora ta bisa yumɓun a cikin ƙwarya ta kawo gida. Kwana bakwai tana goge idanun nan da ruwan ɗumi, ranar da suka buɗe sai ga su fari fat, babu gani ko kaɗan. Maƙwabta suka samu abin dariya, wai kyanwar da ba ta ganin ɓera ai ƙarin baki kawai aka ɗauko. Ita dai matar ta riƙa tsoma tsumma a nonon akuya tana ɗiga mata a baki, ta shimfiɗa mata tsohon zane a cikin kasko, ta sa mata suna Tsintuwa.

Gidan maginiya kuwa ka san shi, da ƙyar ake samun wurin sa ƙafa. Daga ƙofar ɗakinta har gindin dalbejiyar da take aiki, tsofaffin randuna ne a jere, duk sun tsage ba sa sayuwa, shekara da shekaru suna nan. Bayan layinsu akwai ramin da take jiƙa yumɓu, zurfinsa ya kai ƙugu. A cikin wannan tarkace kyanwa ta girma. Da farko ta sha karo, ta buga goshi nan ta buga can, amma sannu a hankali ta haddace gidan. Sai ka ga ta fito daga ɗaki, ta jingina gefenta da randar farko, tana gogar su ɗaya bayan ɗaya, har ta isa gindin bishiya ta haye cinyar matar. Baƙo ba zai ce makauniya ba ce. Matar da ta daɗe ba ta da abokin hira, yanzu tana gini tana ba kyanwa labarin tsadar gero.

Ran nan kyanwar ta yanke a hanci da bakin wata fasasshiyar randa. Jinin bai kai ɗigo uku ba, amma ya tsaya wa matar a rai. Ta ce da kanta, “Wace irin uwa ce ni, na bar makauniya cikin tarkace?” Washegari ranar kasuwa ce. Tun kyanwa na barci matar ta mirgina randunan nan zuwa bayan ɗaki, ta share tsakar gida tas, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana jin daɗin aikinta. Sannan ta ɗauki tukwanenta ta tafi, har da niyyar sayo wa Tsintuwa busasshen kifi.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ramin ya cika. Da la'asar ta dawo, tun daga zaure take kiran Tsintuwa, shiru. Ƙasa da sauran danshi, shara kuma ta yi kyau, don haka sawun kyanwar ya fito raɗau. Ya taso daga ƙofar ɗaki, ya je daidai inda randar farko take a da. Ya kewaya wurin, ya sake kewayawa, ya koma ƙofa, ya sake dawowa. Daga nan ya miƙe tsakiyar fili har bakin rami, kuma bai juyo ba.

Nan ta zauna, kifin na ƙulle a gefen zaninta, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar mijinta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, abin da ta kira tarkace da shi kyanwar take gani, ita kuwa ta kwashe shi da hannunta ba tare da ta tsaya ta lura ba. Daga baya ta mayar da randunan inda suke, ko da yake babu mai gogar su. Goma sha ɗaya ne. Kada ka tambaye ni yadda aka yi na san adadinsu.

To, gobe da safe ka zauna ka kalli mahaifinka in zai fita alwala. Ka ga abin da hannunsa yake nema, ka ga inda sandarsa take bugawa kafin ya juya. In ka gani, ka tambaye shi, sannan ka kira maginanka. Magabata ba su faɗa a banza ba: garin neman gira, a rasa ido.