Kada Ki Ce Da Sauƙi

Na yarda, shekara tara ina wakiltar masu wata cutar ƙashi da ba a cika samu ba, har yau sai na duba takarda nake iya faɗin sunanta. Tun da asibiti ya kawo na'urar da ke gaida majinyaci kafin ta ba shi magani, aikina ya koma hana mutane ladabi. Abin da ka faɗa mata shi take rubutawa.

Tun a adaidaita nake bita da Gwaggo Tabawa, wadda maganinta ya ƙare jiya.

"In ta ce ya jiki?"

"Jiki ya tsananta. Amma Malam Bawa, wannan ai butulce wa Ubangiji ne."

"Gwaggo, yi godiyar a zuci!"

Na riƙo ta har gaban na'urar. Muryar ta fito a tausashe: "Sannu Gwaggo, ya ƙarfin jiki?"

Gwaggo ta kauce wa idona. "Da sauƙi, 'yar nan, alhamdulillahi."

"Madalla," in ji na'urar, ta rufe tagar magani.

Ita ce ta ƙarshe cikin mutanena bakwai, kowannensu ya ce wa na'urar da sauƙi. Da la'asar rediyo ya sanar an kawar da cutar a jihar.