Bututu Shida da Suka Ƙi Kwancewa

Sifana ta uku ce ta karye a hannun Ɗalhatu ranar Talata da hantsi. Ya ajiye guntun kusa da na 'yan'uwanta biyu, ya share gumi, duk da sanyin da na'ura ke busowa a ɗakin gyara.

Bindigar na kwance a kan ƙyalle, a wargaje. Irin ta da ce, mai ganga da ramuka shida, wadda ake ɗura wa albarushi da dalma ta gaba. A bayan kowane rami akwai ɗan bututun ƙarfe da bai fi farce tsawo ba. A kansa ake kifa 'yar hular tagulla, idan aka ja kunama wuta ta bi ta cikinsa ta tarar da albarushin. Duka shidan tsatsa ta cinye bakinsu. Aikin Ɗalhatu shi ne ya kwance su ya ɗaura sababbi da aka aiko daga Amurka a cikin 'yar leda. Aikin rabin awa ne, amma yau kwanansa biyar a kai.

Shagon na kayan tarihi ne a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, da lasisinsa rataye a bango. Mai shi, Abu Rashid, ya ɗauki Ɗalhatu gwaji na wata shida don ya ji ɗan maƙera ne daga Kano. Wa'adin zai cika ranar Alhamis, ranar da mai sayen bindigar zai zo da masanin da zai tantance masa ita. Takardunta sun ce a Amurka aka ƙera ta shekara ɗari da sittin da suka wuce, mai sayen kuma ɗan ƙungiyar harbi ne, ba ta ado yake nema ba.

Abu Rashid ba mafaɗaci ba ne, abin da ya ƙara wa maganarsa nauyi ke nan. Ya dubi karyayyun sifanun ya ce, "Habibi, Alhamis. In ba ta tashi ba, khalas, shi ke nan, ba zan sabunta maka biza ba."

Matarsa Mahfuza na gida a Bur Dubai da cikin wata bakwai, takardar zamanta kuma a jikin tasa take. Bai gaya mata komai ba.

Babu dabarar da bai gwada ba. Ya tabbatar babu sauran albarushi a ramukan, ya jiƙa gangar a kananzir da mai kwana uku. Ya gasa ta da ƙaramar wuta, ya ƙwanƙwasa a hankali. Har firjin mai shayin da ke maƙwabtaka ya roƙa ya kwantar da ita tsakanin gwangwanayen madara. Duk bayan dabara sai ya murɗa hagu, kamar yadda duk duniya ke kwance noti, bututun ya ƙara kafewa. Abin haushin, son bindigar yake yi. Jan itacen mariƙinta yana zama a tafinsa daram.

Ranar Laraba ya kira yayarsa Halima Sa'adiya, ba don tana da magani ba, sai don ya gaji da yin shiru. Ta yi masa dariya son ranta, wai ɗan Sanda Bahago guda ne ƙarfe ya gagara. Ta ce Baba ya shekara huɗu a ƙasa, amma har yau baƙi sai sun yi kokawa da kan famfon da ya ƙera a tsakar gida kafin a zo a buɗe musu.

Ɗalhatu bai iya dariyar ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya bar maƙera ya tafi makarantar koyon sana'a, don kunyar baƙin gawayi a rigarsa. Yanzu da zai sami minti ɗaya da tsohon, da ya durƙusa ya tambaye shi. Tausayin kansa ya kama shi, ya ce da ita ana kiransa.

Da safiyar Alhamis ya haƙura. Ya yanke shawarar haɗa bindigar ya mayar da ita yadda aka ba shi, ko ba komai kada a ce ya bar ta a sake. Ya sa sifana ta huɗu a bututun farko ya murɗa dama don ya ɗaure shi.

Bututun ya motsa. Ya ƙara murɗawa, sai ga shi yana fitowa. Cikin minti goma shidan suna kwance a kan ƙyalle. Ya yage ledar, ya ɗora sabo a ramin farko. Ya ƙi shiga. Ya gwada na biyu, ya gwada na shida, babu wanda ya kama.

Ya jawo gilashin ƙara girma ya leƙa ramin. Tiredin da ke ciki, wato zanen da bututun ke bi ya ɗauru, a juye yake kamar na kan famfon Baba, kuma ba inji ne ya yanka shi ba, hannun bahago ne. Babu kamfanin da ke sayar da bututun da zai shiga nan, masani kuwa kallo ɗaya zai yi masa.

A gaban shago ƙofa ta buɗe, ya ji Abu Rashid na yi wa baƙi maraba. Ɗalhatu ya ci gaba da kallon ramin. Ya tuna wani dillalin Kasuwar Kurmi da ya taɓa zuwa gidansu da littafi mai hotunan tsofaffin bindigogi, da wani ƙunshi da aka barbaɗa wa gishiri aka binne a bayan maƙera har damina ta fita, don ƙarfen ciki ya yi tsatsar tsufa.

Bindigar nan ta Amurka mai shekara ɗari da sittin, shi ya zuga wutar da aka ƙera ta da ita yana aji biyar na firamare.