Hayaƙin da Bai Sami Ƙofa Ba

Babu haƙƙin da ya kai na uwa nauyi a wuyan ɗa. Sai fa na silin mai ado, idan an sha wahala kafin a kafa shi.

Wani ma'aikaci ne Allah ya buɗa masa, ya gina gida a sabuwar unguwa. Burinsa ɗaya, ya ɗauko mahaifiyarsa daga gidan gado ta ƙarasa kwanakinta a wurinsa. Tsohuwar ta ƙarar da ƙuruciyarta tana hura icce a madafa, hayaƙi ya bar mata wani tari a ƙirji, irin wanda maƙwabta ke ji ta bayan katanga. Ya tura ƙannensa, ya tura kawunnai, ita dai amsarta ina za ta da tsufanta. Da ƙyar aka shawo kanta, bisa alkawarin cewa a gidan nasa ba a san hayaƙi ba. Ta ce to, za ta zo ta yini, in ƙirjinta ya yarda sai a kwaso mata kaya.

Kicin ɗin irin na zamani ne, babu bango tsakaninsa da falo. Murhun gas yana kan wani teburin dutse a tsakiyar ɗaki, bai jingina da komai ba, ana zagaya shi kamar rijiya. Da a jikin bango yake, da abin ya zo da sauƙi, a huda bango hayaƙi ya kama gabansa. Na tsakiya kuwa ba shi da hanya sai ta sama. A kanti aka nuna wa mutumin na'ura iri biyu da ake ratayawa bisa murhu. Ɗaya tana zuƙe hayaƙi ta tura shi cikin bututu ya fita ta rufin gida, amma sai an fasa silin. Ɗayar ba ruwanta da bututu, tana zuƙewa ta tace, ta mayar da iskar cikin ɗaki, wai tsarkakakkiya. Mutumin ya tuna silinsa mai zanen furanni da ɓoyayyun fitilu, wanda baƙi kan ɗaga kai su kalla har hula ta faɗi. Shawarar ba ta ɗauke shi lokaci ba. Aka kafa na'urar da ba ta da bututu, aka gwada ta da ruwan shayi, ta shanye tururin tas. Kowa ya shaida cewa ilimi ya yi nisa.

Ranar da tsohuwa ta zo, ta ƙi kujera, aka shimfiɗa mata darduma a falo, ta zauna tana jan carbi. Matar gidan, don ta fita kunyar suruka, ta ɗaura niyyar miyar dage-dage. Ta ɗora manja ta bar shi ya soyu har ya fara hayaƙi, kamar yadda kowace mace ta gada, sannan ta juye jajjagen attaruhu da albasa, ta bi da daddawa. Maigida da kansa ya danna maɓalli, yana satar kallon mahaifiyarsa. Na'ura ta yi gurnani ta haɗiye hayaƙin gaba ɗaya. Sai kuma ta feso shi ta sama, ta raba wa kowane lungu rabonsa bisa adalci. Da alama waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa haɗuwa da attaruhu ba.

Matar ce ta fara atishawa, yara suka yi waje suna hawaye. Mutumin ya ƙure ƙarfin na'urar, abin da ya ƙaru kawai shi ne saurin rabon. Ya ruga taga, ya tarar da gilashin nan da ya sa aka liƙe don kada sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya fita. Da ya waiwayo sai ya ga mahaifiyarsa a duƙe, carbi a ƙasa, hannu a ƙirji, tari ya sarƙe ta ko salati ta kasa ƙarasawa. Ya sandare a tsakiyar falo baki buɗe, wanda a wannan iska ba dabara ba ce. Shi da ya gina gida sukutum don ya raba ta da hayaƙi, ga shi ya tara mata na shekara a zama ɗaya. Riƙe-riƙe aka fitar da ita, aka zaunar da ita a inuwar katanga ana yi mata fifita da murfin kwali.

Shi ɗan fari ne, don haka ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Da numfashi ya dawo, matarsa ta duba.

“'Yar nan, ki ce wa mai gidanku gida ya yi kyau, Allah ya sanya alheri. Mu dai a can, hayaƙinmu in ya gama da mu tafiyarsa yake yi.”

“Inna, ɗan gyara ne fa, wallahi ɗan gyara ne,” in ji shi.

Ta ce wa matar ta miƙo mata takalmanta.

Bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya kira ma'aikata suka fasa silin ta tsakiyar furen da ya fi kowanne kyau, aka zura bututu har rufi, aka kafa waccan na'urar da ya ƙi tun farko. Aka soya manja da attaruhu don gwaji, ko ƙamshi bai kai falo ba. Ya aika aka gaya wa tsohuwa. Ta ce madalla, a gaida yara. Hayaƙi yanzu yana fita lafiya. Ita ce dai ba ta shigo ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.