Ruwan da Dokta Arrázola Ya Kurɓa

Tun ba a gama jera kujeru a bakin rafi ba jiya, Doña Eduvigis, tsohuwar nan mai sayar da kifi, ta zo ta dasa tirenta a sahun gaba. Ko kan kifi babu a tiren, kuma da gangan ta kawo shi haka! Ai tun da kamfanin manja ya kafa injinsa can sama, ana matse kwakwa ana yin man mota da ita, kifin rafin nan ya fara tasowa ciki a sama. Gonakin rogo kuwa tuni kwakwa ta cinye su. Wai mai ne mai tsafta, ba ya ɓata iska. Iskar su wa? Nan dai wari ake shaƙa safe da yamma.

To, shi ne gwamnati ta turo wata mata mai bincike. In ta ce ruwan ya ɓaci, za a toshe bututun da ke zubo dagwalon injin cikin rafi, in ta ce lafiya lau, shi ke nan, kifi sai a mafarki. Manajan kamfanin, Dokta Arrázola, ba likita ba ne fa, a garin nan duk mai farar riga da mota dokta ne, sai ya bugi ƙirji ya ce zai sha ruwan rafin a gaban kowa. Har 'yan jarida ya gayyato. 'Yan makaranta ma an jera su cikin rana da tutoci, wai za su yi waƙa.

Kun san wa aka ba tulun ɗebo ruwan? Wilfrido! Ɗan kanzagin nan mai hular kamfani, wadda ko a coci da ƙyar yake cire ta. Ubansa masunci ne na gaske, shi kuwa ya ɓige da riƙe wa Dokta lema. Kullum da sassafe za ka gan shi yana goge allon da aka manna jikin famfon makaranta, mai cewa "Kyautar kamfani, tsaftataccen ruwa domin yaranmu", yana hura masa iska yana gogewa sai ka ce hoton uwarsa ne.

Doña Eduvigis ba ta iya ganinsa ba ta ja tsaki ba. Ga ta da abin da ke cin ranta, jikarta Yuranis, 'yar aji uku, ta daɗe tana fama da ciwon ciki da ƙuraje, rabin ajinsu ma haka. Nas ɗin kamfani ta ce ɗanyen mangwaro ne. Mangwaron da aka sare bishiyoyinsa tun bara! Tsohuwar ta hana yarinyar ko taka rafin, ruwan gida ma sai ta tafasa, amma ciwon nan ya ƙi tafiya.

Wilfrido ya rungumi tulu ya gangara, ya ɓace bayan duhuwar gora. Shiru, shiru. Har Dokta ya fara duban agogo, sai ga shi ya ɓullo yana haki.

Doña Eduvigis ta zunguri ta kusa da ita. "Comadre, ƙawata, dubi takalmin ɗan banzan nan, ko laka babu. Ruwan roba ya juye a ciki, ni zai raina wa hankali?"

Dokta ya kama makirufo ya yi ta zuba, ci gaba, ayyukan yi, duniya mai kore shar. Aka tsiyaya masa a kofin gilashi. Ya ɗaga wa masu hoto, ya yi wa mai bincike murmushi, ya kafa kai ya yi wata irin kurɓa mai kyau.

Wayyo, da kun ga fuskarsa! Ta yamutse kamar ya tauna maɗaci. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, abu ya ƙi, sai ya feso shi fuuu, har kan takalmin mai bincike. Ya duƙa yana kakarin amai, farar rigar nan duk ta jiƙe.

"Kai jaki! Kashe ni za ka yi? Ban ce maka kada ka kuskura ka ɗebo na rafi ba?"

Kuma makirufon na hannunsa! Har can kasuwa an ji.

Wuri ya kaure. 'Yan makaranta suka watsar da tutoci suna ihu. Mai bincike ta goge takalminta, ta ɗauki tulun ta rufe bakinsa ta miƙa wa direbanta. Doña Eduvigis kuwa ta mai da tirenta ganga, tana bugawa tana juyi.

Kafin ka ce me, masunta sun ɗaga Wilfrido sama, hular kamfani ta faɗi ana ta tattake ta. Tsohuwar da ko gaisuwarsa ba ta amsawa ta kutsa ta kama hannunsa.

"Ɗana, ka yafe mini! Ashe jinin ubanka na nan a jikinka. Yau a gidana za ka ci abinci."

Shi kuwa kuka yake wiwi, majina har baki, yana miƙa wuya yana neman Dokta.

"Ku sauke ni, don Allah! Doña, na rantse da Budurwa Maryamu ban ci amanarsa ba. Cewa ya yi in kawo mai tsafta, shi ya sa na zagaya ta baya na cika tulun a famfon makaranta."